Sawun Ƙafar Hagu

Har yau a unguwarsu ta Akokan da ke Arlit, in ka ce Indo ba kowa zai gane ba, amma kana cewa Inna Mai Tsintsiya, ko mai gawayi na bakin hanya zai nuna maka ƙofar gidan. Sunan ya samo asali ne daga wasu makonni shida da ta yi tana tafiya tana jan tsintsiya a bayanta, daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, daga bayan gida zuwa inda take salla. Maƙwabta sun ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa, wasu kuma suka ce ai mutanen Najeriya dama akwai iyayi. Ba tsabta ba ce, ba kuma iyayi ba. Tsoro ne ya sa ta, tsoro mai tsanani, wanda ya kusa raba ta da ƴarta.

Indo mutuniyar wani ƙauye ce a yammacin Katsina, kusa da iyaka, kuma shekara talatin da ɗoriya ita ce ungozomar garin. Rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka fara kuka. Tana da wani tsohon gwangwanin alawa da take zuba reza da zare a ciki, kuma duk inda aka ga ta ɗauko shi ta saɓa mayafi, an san wani gida za a yi suna. Ta durƙusa a daɓen ɗakuna fiye da yadda za ta iya tunawa, ta ɗauki tukwanen ruwan zafi na wankan jego safe da yamma, kwana arba'in-arba'in, gida bayan gida. Aikin ya bar mata abu biyu. Na farko gwiwoyi da suka cinye kansu, musamman ta hagu, wadda ta kumbura ta bauɗe. Na biyu kunne da ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Ungozoma tana shiga har ƙuryar ɗaki, kuma mace in tana naƙuda ba ta da sirri. Indo ta ga layar da aka tono a gindin murhu, ta ga ƙwan da aka binne a bakin ƙofa, ta ji wadda ta yi rantsuwa cewa ƙanwar mijinta ce ta ɗaure mata ciki. Daga nan ta zama mace wadda in ka ba ta goro sai ta juya shi ta duba bayansa.

Mijinta, Malam Muktari, ya rasu da daɗewa. Da ƴan bindiga suka matsa wa yankin, ƙauyen ya watse, ita kuma ta raɓe a wani ɗakin ajiya a gidan dangi cikin Katsina, tana kwana tsakanin buhunan masara. Abin da ya rage mata a duniya shi ne autarta, Hafsat, wadda yayan Indo, Ɗalhatu mai atamfa, ya ɗauka riƙo tun tana shekara tara ya tafi da ita Arlit. A can ta girma, a can ya aurar da ita kafin ya rasu, ga wani Ba'abzine mai suna Alkassoum. Indo ba ta taɓa ganin surukin nata ba sai a hoton waya, kuma hoton ma bai gamsar da ita ba, don rawani ya rufe komai sai idanu.

"Mutumin da ba a ganin bakinsa," in ji ta, "ta yaya za a san ko dariya yake ko zagi?"

Shekara shida da auren, bayan ɓari biyu, ciki ya zauna. Hafsat ta kira ta tana kuka, ta ce ba ta son kowa ya karɓi haihuwar nan sai uwarta, kuma in ta zo kada ta koma. Abin ya yi wa Indo nauyi, don a wajenta tsohuwa ta tare a gidan suruki abin kunya ne. Amma ta dubi buhunan masara, ta ɗauki gwangwaninta.

Kwana uku ta yi a hanya, Maraɗi, Tawa, Agadas, sannan wannan hanya ta Arlit da ba ta da tausayin mai lafiya balle mai ciwo. Wata ƴar Damagaram da suka zauna kujera ɗaya ta tambaye ta gidan wa za ta, da ta faɗa mata sai matar ta riƙe haɓa.

"Ai waɗannan maƙeran Abzinawa ne. Mazansu ƙarfe, matansu fata. Mutanen kirki ne, amma kada ki ɓata musu rai, an ce in suka yi fushi da mutum ba sai sun taɓa shi ba."

Matar ta faɗi maganarta ta koma barci. Indo kuwa ta ɗauke ta ta adana.

Gidan ɗaki biyu ne na siminti da tsakar gida mai faɗi. Alkassoum ya yi shekaru yana gyaran injuna a ramin haƙar ma'adinai na Akokan, da aka rufe ramin a 2021 sai ya kafa rumfar walda a bakin titi. Ya tarbe ta da ladabi, ya durƙusa, ya ƙara jan rawaninsa sama har idanun ma suka kusa ɓacewa, wai girmamawa ce. A gefen tsakar gidan kuwa akwai bukkar tabarmi, a cikinta wata doguwar tsohuwa baƙa sanye da shuni, kewaye da fatu da basilla. Ita ce Dassin, uwar Alkassoum. Fari ne ya koro ta daga Gugaram shekaru da yawa da suka wuce, amma ta ce ita ba za ta kwana a cikin akwatin siminti ba, aka kafa mata bukkarta. Ta sa an zubo mata rairayi mai laushi an shimfiɗe tsakar gidan duka.

Indo ta tattara duk ƙarfinta ta miƙe tsaye cak, ta tako daga ƙofar gida zuwa bakin bukkar ba tare da ta ɗingisa ba, ko da yake ji take kamar ana soka mata ƙusa. Ba za ta shigo gidan surukai a matsayin kaya ba. Dassin ba ta dubi fuskarta ba ma. Ƙasa ta duba, sannan ta ce:

"Sannu da zuwa. Ka zo lafiya? Yaya ƙafanka?"

Indo ta waiwaya ta ga ko wani namiji ne ya biyo ta. Hafsat ta ƙunshe dariya, ta raɗa mata cewa haka Hausar Anna, wato uwar mijinta, take, kowa "kai" ne a wajenta. Wannan bai dami Indo sosai ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne tambayar. Wa ya gaya wa matar nan zancen ƙafa? Ta tsare Hafsat a ɗaki, Hafsat ta rantse ba ta taɓa faɗa ba. Indo ta ce to, ta ajiye wannan kusa da maganar ƴar Damagaram.

Zama ya fara, kuma ba a rage ta da komai ba. Alkassoum ya ƙera mata kujera mai tsawo don kada ta sha wuyar tashi. Hafsat ta kai ta likita, wato asibiti a bakin mutanen nan, inda lokotoro ya lallatsa gwiwar ya ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya warkewa sai dai lallaɓawa, ya rubuta ƙwayoyi da man shafawa, ya ce ta riƙa ɗan tattaki. Wasu matan unguwa suka ce ruwan garin ne ke cin ƙashi, wasu suka ce iskar. Indo ta san da ciwonta ta zo, amma ta saurare su duka. Da safe gaɓoɓinta kan ƙage sai ta yi kusan rabin sa'a tana murza su kafin ta iya sauko da ƙafa. Salla a zaune take yi, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Matar da ta gasa jikin mata ɗari da ruwan zafi, yau ba ta iya sunkuyawa ta gasa nata. Duk da haka, in za ta ratsa ta gaban bukkar Dassin, sai ta cije ta miƙe ta wuce kamar budurwa, sai ta shiga ɗaki ta kama bango.

A mako na uku ta fara lura da wani abu. Kullum da sassafe rairayin da ke ƙofar ɗakinta a shafe yake sumul, alhali sauran tsakar gidan na nan da sawun kaji da na jiya. Ta sa ido. Ranar wata Talata da hantsi, bayan ta dawo daga bayan gida ta shiga ɗaki, sai ta leƙo ta gefen labule. Ga Dassin ta fito daga bukka tana waige-waige. Ta zo ta tsuguna daidai kan sawun Indo. Ta zaro tsinken kaba daga gefen zanenta, ta shimfiɗa shi a kan sawun hagu daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta ƙulla. Ta gitta shi, ta sake ƙullawa. Sannan ta soka yatsanta a cikin ramin dunduniyar, ta ɗago, ta murza ƙasar tsakanin yatsu biyu, ta koma bukkarta da sauri.

Indo ta saki labulen. Ba sai an fassara mata ba. Ko yarinyar goye a ƙauyensu ta san abin da ake nufi da ɗaukar sawun mutum. Da idonta ta ga matar wani mahauci da aka ɗebi ƙasar sawunta aka yi mata kurciya, mace da ƴaƴa biyar ta tashi da rana tsaka ta bi hanya, ba a sake jin ɗuriyarta ba. To, ashe haka ne. Matar nan ta gaji da ganin baƙuwa a gidan ɗanta, ga jika na tafe, ba ta son a raba renon da ita. Ba za ta ce "tafi" da baki ba, ƙafa za ta yi wa magana. Kuma ta hagun ta zaɓa, mai ciwon, wadda ta tambaya tun ranar farko.

Washegari Indo ta ɗauki tsintsiyar kaba mai dogon hannu. Duk taku ɗaya, sai ta karkace ta share abin da ta bari a baya. Tafiyar da take yi a minti biyu ta koma ta minti goma. Karkacewar nan ta sauko mata da ciwo har ƙugu, gwiwar hagu ta ƙara kumbura ta yi sheƙi. Indo ta dube ta ta ce ai ga shi nan, aikin ya fara ci. Ba ta ko kawo tsintsiyar a ranta ba.

Daga nan komai na gidan ya zama shaida. In Dassin ta aiko mata da shayi, sai ta tuttular a gindin bango ta mayar da kofin da godiya. Cukwi da dabino da aka ba ta, kaji suka ci, ta kuma zauna tana kallon kajin ko za su yi wani abu. Ta daina barin takalmanta na roba a waje. In ta taje kai, sai ta tattara gashin ta cusa a gwangwani. In uwa da ɗa suna hira da yarensu suka yi dariya, to da ita ake. Ta kan ji ƙarar basilla da bugun guduma a kan fata daga cikin bukka, ta lura kuma yanzu in ta doso sai Dassin ta ja zane ta rufe abin da take ɗinkawa. Rannan ruwa ya zube a bakin randa, Indo ta taka danshin ba ta sani ba, tana juyowa ta ga tsohuwar ta taso da tsinken kabarta. Indo ta koma da baya, ciwo ko ba ciwo, ta murje sawun da ƙafa tana kallon ta ido cikin ido. Dassin ta tsaya, ta mayar da tsinken gefen zane, ta koma bukkarta.

Hafsat ta gaji da tambaya. Cikinta ya shiga wata tara, ƙafafunta sun kumbura, ga uwa tana yawo da tsintsiya maƙwabta na leƙe. Ranar wata Litinin da la'asar, suna zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ta sake cewa:

"Inna, don girman Allah, mene ne haka? Wani ya yi miki wani abu?"

"Jibi Laraba zan bi motar Agadas."

Farantin ya kusa suɓuce wa Hafsat. "Ki bi mota ki je ina? Wurin wa? Inna, saura kwana nawa in haihu?"

"Akwai likita a garin, akwai kuma masu gida. Ni gara in tafi da ƙafata da hankalina, in san inda na nufa, da a wayi gari a tsince ni a cikin hamada ina tafiya ban san gabas ba."

"Wa zai kai ki hamada?"

Indo ta ɗaga murya, don dama so take a ji. "Ki tambayi mai auna sawun mutane! Mi na tsare mata? Abincin ɗanta na cinye? In ba a son zamana a faɗa mani da baki, ba sai an ɗebi ƙasar ƙafata ba. Ni ungozoma ce, Auta, abin da ake binnewa ba baƙona ba ne."

Bugun guduma ya tsaya a cikin bukka. Hafsat ta fashe da kuka. Alkassoum ya dawo daga rumfa ya tarar da zancen, ya shiga wurin uwarsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya fito ya tsuguna nesa da Indo kansa a sunkuye.

"Inna, ki yi haƙuri. Anna ta ce in ce miki ba ta da abin faɗa yanzu. Ni dai roƙona ki zauna."

Indo ta ce a ranta, ai dama mai laifi ba ya da abin faɗa. Ta ɗaure kayanta. Tausayin ƴarta na cin ta, ta kuma san ɗakin buhunan masara ma wataƙila an ba wani, amma tsoro ya fi ƙarfin duka biyun. Duk yinin Talata ba wanda ya ga Dassin a waje, sai ƙarar aiki ba tsayawa.

Ranar Laraba da safe, Indo ta ɗaga labule ta ga ƙunshi a bakin ƙofa. Ta sa bakin tsintsiya ta buɗe shi. Takalma ne na fata, irin masu faɗin nan na Abzinawa, ja da kore, ɗinkin ya yi kyau har ba ka son ka taka. Ta tsura musu ido, sai ta ga abin da take nema. Ba daidai suke ba. Na dama siriri ne kamar kowane takalmi, na hagu kuwa ya fi shi kauri da kusan yatsa biyu, kuma kaurin ya fi yawa ta gefen waje.

Wato an cusa wani abu a ciki. Guzurin tafiya aka ba ta, ta saka ta bi hanya, kada ta ƙara waiwayowa.

Ta ja takalmin cikin ɗaki, ta zauna a kujerarta, ta buɗe gwangwani ta zaro sabuwar reza. Yau za ta fito da layar ta ajiye a gaban ɗan da uwar, kowa ya gani, kada a ce tsufa ne ya taɓa mata kai. Ta yi bisimilla ta bi ɗinkin. Hannun da ya yanke cibiya ɗari bai yi gardama ba. Fatar sama ta ɗago. A ƙarƙashinta wata fata ce, ta ɓare. Sai wani yanki na robar tayar mota, an fere shi ya yi tudu ta gefe guda. Ta ɗaga shi ta duba bayansa, ta shinshina. Sai wata fatar, sai wata. Ta kai har ƙasa, ta zazzage, ta bi kowane yanki da yatsa. Ba laya, ba ƙasa, ba gashi, ba rubutu.

Sai a lokacin ta dubi fatun da ke zube a cinyarta da kyau. Uku daga ciki masu laushi ne ƙwarai, ja mai duhu, da zanen da ya kusa gogewa don tsufa. Ta san zanen nan. Na dogon matashin fatar nan ne da Dassin ke jingina da shi a bukka, wanda Hafsat ta taɓa gaya mata cewa uwar Dassin ce ta yi mata shi na aure, kuma shi kaɗai ya rage mata daga Gugaram. Indo ta tuna ta kwana biyu ba ta hango shi ba.

Haka Hafsat ta shigo ta same ta, reza a hannu, takalmi a wargaje. Hafsat ta juya ta fita. Jim kaɗan sai inuwa ta rufe ƙofa. Dassin ce, karo na farko da ta tako ƙofar ɗakin. Ta dubi ɓarnar, ta daɗe tana dubawa.

"Ka samu abin da kake nema?"

Indo ta ajiye rezar.

"Ni a bayan dabbobi na tashi," in ji Dassin. "Raƙumi in ya wuce, ina duba ƙasa in san ko ya gaji, ko wane ƙafa ke masa ciwo. Ranar da ka shigo gidan nan ka miƙe kamar soja, amma ƙafanka na hagu gefe yake ci, dunduniya ba ya sauka duka. Ya gajarce. Shi ke ja maka ƙugu. Mijina haka ya yi kafin ya mutu, na yi masa irin wannan, ya samu shekara huɗu yana zuwa masallaci."

"To mi ya hana ki faɗa mani?" in ji Indo.

"Kai kana ɓoyewa, ni in tona? A wurinmu ba a ce wa suruki kawo ƙafanka in gani. Kunya ne. Shi ya sa nake shafe ƙofanka da asuba, na ce in auna a ƙasa, in ajiye maka ranar suna, ka saka, ba wanda ya ce komai." Ta nuna yankin robar da haɓa. "Wannan ma da kintace na yi shi. Sau ɗaya na samu sawu mai kyau, sauran duk ka share."

Kunya ta rufe Indo tun daga kai har gwiwar da ke ciwo. Mako shida tana gudun kurciya, ashe ba wanda ke korar ta daga gidan nan sai ita da tsintsiyarta, har ta ɗaure kaya za ta bar ƴarta a bakin naƙuda. Ta so ta ce a yafe mata, amma bakin da ya saba ba da umarni a ɗakin haihuwa bai iya wannan ba. Ta tattara fatun a hankali, ta jera su yadda ta same su.

"Zai gyaru?"

"Ka yanka ta wurin ɗinki, ba ka ɓata fata ba. Hannunka ya iya reza." Dassin ta karɓa ta juya. "Amma in da kintace zan sake yi, gara in bari."

Daga waje Alkassoum ya yi gyaran murya, ya ce mai babur ɗin da zai kai Inna tasha ya iso.

Indo ta dafa kujera ta miƙe. Wannan karon ba ta cije ba, ta bar ƙafar ta yi yadda take so, ta fito tana ɗingishi a gaban kowa, kafaɗa ɗaya na faɗuwa. Ta ɗauki tsintsiyar a bakin ƙofa. Hafsat ta runtse ido don takaici, ta ɗauka an koma gidan jiya. Amma gabanta Indo ta share, ba bayanta ba. Ta shafe rairayin ya yi sumul, faɗin tabarma guda, ta jingine tsintsiyar a bango. Ta tuɓe takalman roba. Tsoron bai gama sakin ta ba, don abin da aka gina shekara talatin ba ya rushewa da safiya ɗaya, kuma leɓɓanta na motsi da addu'ar neman tsari, ba za a ɓoye wannan ba. Ta taka. Dama, hagu, dama, hagu, har ta fita ɗaya gefen, ta kama igiyar shanya ta tsaya.

Sawu huɗu suka kwanta a rairayin. Ita kanta sai yau ta taɓa tsayawa ta dube su. Na dama cikakke, na hagu rabi, ya karkata waje kamar an ture shi.

Dassin ta zaro tsinken kaba ta tsuguna. Ta auna tsawo ta ƙulla, ta auna faɗi ta ƙulla. Da ta kai yatsa cikin ramin dunduniyar, sai ta ɗago kai ta dubi Indo.

"In taɓa?"

Indo ta gyaɗa kai. "Taɓa. Amma in kin gama ki karkaɗe hannunki a nan, ki bar mani ƙasata."

Dassin ta yi dariya har ta zauna daɓas, Hafsat na dariya tana share hawaye. Alkassoum ya fita ya sallami mai babur.

Kwana tara bayan haka Hafsat ta haifi ɗiya mace. Indo ba ta iya durƙuso ba, a kujerarta ta zauna tana ba da umarni, Dassin ta durƙusa ta zama hannayenta, Indo kuma ta yanke cibiya. Ciwon bai tafi ba, lokotoro bai yi ƙarya ba, har yau akwai safiyar da sai ta yi hawaye kafin ta sauko daga gado. Amma ƙugun ya saki, tana kai kanta kasuwa, tana kuma shan shayin Dassin, ko da yake takan ɗan leƙa cikin kofin tukuna. In ka gamu da ita ka dubi takalminta na hagu, za ka ga layin ɗinki biyu a gefensa, na farko da na gyara. Bukkar Dassin kuwa babu matashi a cikinta, da buhun tsumma take jingina, kuma Indo ba ta taɓa wucewa ta gabanta ba tare da ta ga wannan ba.